Wutsiyar Saniyar Jaye

In ka sauka a tashar Gazawa ka ce kana neman Garba mai faci, sai a tsaya ana kallonka, don masu faci suna da yawa, masu suna Garba kuwa sun fi su yawa. Amma ce Garba Wutsiya, ko yarinya mai tallar gyaɗa za ta nuna maka da baki: ga shi can gindin bishiyar bedi, zaune kan tsohuwar taya, da bahon ruwa a gabansa, yana nutsa roba yana neman inda take huci. Gajere ne mai faɗin ƙirji, furfura ta fara leƙo masa a gemu. Yau in ka kira shi da sunan nan zai amsa da fara'a, har ya turo maka benci. A da kuwa, wanda ya kira shi haka sai dai ya ja kekensa ya yi gaba, don ba za a taɓa masa ba.

An haifi Garba a wani ɗan ƙauye kan hanyar Gangara, gidan manoma da kakansu ya taso daga kudu, ƙetaren iyaka. Noma bai karɓe shi ba, hannunsa na ƙarfe da roba ne. Ya shigo Gazawa yana saurayi, ya koyi gyaran keke da facin taya, ya auri Basira, Allah ya ba su ƴaƴa. Hali guda kowa ya san shi da shi: ba ya faɗa, ba ya kuma mantuwa. Abin da aka yi masa yakan naɗe ya ajiye, kamar yadda yake naɗe tsohuwar roba ya rataye a reshe, wai wata rana za ta yi amfani.

To, Allah da ikonsa sai ya haɗa shi da Mas'ud. Mas'ud ɗan gwaggonsa ne, Gwaggo Ummuhani, ƙanwar mahaifinsa ciki ɗaya. Kun ga ke nan taubasai ne, kuma kun san yadda abin yake: taubashi ya zage ka a tsakiyar kasuwa, dariya za ka yi, ya cire maka hula, ka duƙa ka ɗauka. In ka yi fushi kai ne abin dariya, kai ne kuma mai ɓata zumunci. Mas'ud ɗan kabu-kabu ne, yana kai mutane bakin iyaka yana dawowa da su, kuma muryarsa ta fi ta babur ɗinsa ƙara. Wannan dama ta taubasantaka, ba a taɓa ba wa wanda ya more ta kamarsa ba.

Bayan gari akwai wani tafki. Masu aikin hanya ne suka kwashi jar ƙasa suka bar dogon rami, damina na cika shi, ruwan kuma yakan kai har cikin sanyi. Wata shekara Mushe Abdurrahaman, malamin motsa jiki na lakol, makarantar bokon da ake ce wa malami Mushe, ya ga wata gasa a waya: mutum ya yi iyo, ya fito ya hau keke, ya sauka ya yi gudu, duk a numfashi guda. Abin ya shiga ransa. Da kaka ta yi, aka gama ɗaurin gero, ya tara samari ya ce a gwada: a ƙetare tafkin ta tsawonsa, a zagaya gari da keke, a dawo filin lakol da ƙafa.

Garba ba saurayi ba ne, amma wa ya fi shi sanin keke? Ya ce zai shiga. Iyo kuwa, ai kowa a nan ya iya, a ganinsu. Sai dai iyon da suka sani na kududdufi ne: ka ɗaga kai sama kamar kare, ka riƙa dukan ruwa hannu da ƙafa da iyakar ƙarfinka, kafin numfashi ya ƙare ka taɓa ɗaya gefen. Babu wanda ya taɓa gaya musu cewa ruwa mai tsawo wani abu ne dabam.

Aka busa usur, Garba ya faɗa ruwa kamar an watsa masa wuta. Ya wuce kowa. Jama'a na ihu, yana jin sunansa, yana ƙara duka. Yana isa tsakiya, ƙirjinsa ya rufe. Hannuwa suka zama na wani, ƙafafu suka fara neman ƙasa, babu ƙasa. Ya sha ruwa, ya sake sha. A daidai lokacin nan shanun Jaye, wani Bafulatani da ke shayarwa a gefe, suka tsorata da ihun mutane, wata jar saniya mai dogon ƙaho ta faɗa ruwa ta miƙe tana ƙetarewa. Ta gifta gaban Garba. Wanda ke nutsewa ba ya zaɓe. Ya cafke wutsiyarta da hannu biyu, ita kuma ta ja shi, ba gaba ba, gefe, har inda mata suka taru. Nan ta fito da shi ta yar cikin laka, ta kaɗa kunne ta yi tafiyarta.

Da shi ke nan, da an yi dariya an manta. Amma Mas'ud ya hau kan babur ɗinsa ya tsaya, ya haɗa hannu a baki.

"Jama'a, ku ba shi hanya! Ga ɗan kawuna ya iso a mota mai ƙaho! Garba, nawa ne kujerar baya? Garba Wutsiya!"

Kafin ya wanke lakar jikinsa sunan ya riga shi isa tasha.

Suna irin wannan ba ya tsufa. Direbobi suka ɗauka, mahauta suka ɗauka, in an yanka sa sai a aiko yaro ya tambaye shi ko a ajiye masa rabonsa. Mas'ud kuwa ko ba shi da faci sai ya biyo ta gindin bedi, ya rage gudu, ya yi kukan saniya, ya wuce. Garba yana murmushi, yana naɗewa. Ranar da abin ya kai masa wuya ita ce ranar da Najiba, ƴar autarsa, ta dawo daga lakol ta jefar da jaka ta shige ɗaki. Wai in an tashi ƴan ajinsu sukan bi ta a baya, su riƙe mata gefen hijabi, suna "ƴar Wutsiya, ja mu". Ta ce ita ba za ta koma ba.

Washegari ya je wurin Gwaggo Ummuhani, ya durƙusa ya gaishe ta, ya ce a ja wa Mas'ud kunne, abin ya taɓa yara. Tsohuwar ta yi dariya har ta share ido.

"Haba, ɗan nan. Taubashinka ne fa. Ni in shiga tsakanin taubasai? In ya yi maka wasa, ka yi masa wasa. Tashi ka ba ni wuri, kada a ji ka."

Garba ya fito yana juya maganar. In ya yi maka wasa, ka yi masa wasa. Ya ce a ransa, to, Gwaggo, ke kika faɗa.

Bayan katangar gidansu akwai garkar ƙungiyar mata, inda suke noman salati da kabeji da rani. A tsakiyarta akwai wani kwarmin siminti da famfo mai aiki da hasken rana ke cikawa, tsawonsa bai fi tabarma biyu ba, zurfinsa iya ƙirji. Garba ya roƙi matan su bar shi ya riƙa shiga da hantsi, bayan sun gama ban ruwa sun watse, shi kuma ya kankare musu gansakuka, ya riƙa yi musu facin tiyo. Suka yarda, suna ƙunshe dariya. Ya yanka tsofaffin robobin taya ya tufka su igiya, ya ɗaura ɗaya bakin a ƙugunsa, ɗaya a jikin ƙarfen famfo. In ya yi iyo robar ta miƙe ta riƙe shi wuri guda. Yana tafiya, ba ya zuwa ko'ina.

Mushe Abdurrahaman ya nuna masa a waya yadda masu abin suke yi: fuska a cikin ruwa, ka fitar da iska ta hanci, ka juya baki gefe ka ɗiba, ka mayar. Wannan ya koya, bayan ya shaƙi ruwan da zai shayar da fangalin salati. Abin da ya gagare shi shi ne hannunsa. Da ya shiga sai tsohon hali ya motsa, ya hau dukan ruwa kamar yana dukan Mas'ud, jim kaɗan ya miƙe tsaye yana haki.

Basira tana jinsa ta kan katanga. Wata rana ya shigo yana ɗiga, ita da ƙanwarta Salima suna surfe a turmi guda, ta dubi idonsa ja wur.

"Malam, wai da ruwan kake faɗa?"

"Ke dai yi dakanki."

"Dakan nake nuna maka. Amarya ce ke fara turmi da gudu, don a ce tana da ƙarfi. Kafin dusa ta fita kafaɗa ta mutu, sai ta jingina taɓarya tana cewa geron ne bai bushe ba. Ka taɓa ganin na jingina taɓarya?"

Garba ya tsaya yana saurare. Tim, ta Basira. Tim, ta Salima. Babu mai sauri, babu mai jira. Haka za su yi har gero ya yi fari.

Daga ranar ya daina shiga ruwa sai ya ji an sa turmi. Taɓaryar Basira hannun dama, ta Salima hannun hagu. Da farko ba ya kai rabin turmi. Sannu a hankali ya zama yana kai surfe ƙarshe. In sun tsaya bakace, shi ma ya tsaya ya huta, suna mayar da gero turmi ya mayar da fuska ruwa. Sanyi ya zo, ruwan ya zama kamar reza, yana shiga. Zafi ya zo, yana shiga. Daga baya hutun bakacen ma ya yi masa yawa, ya riƙa wucewa da shi a cikin iyo, har su gama surfe su yi wanki su koma dakan gari, shi yana nan yana jan roba. Ranar da Basira ta ga dama takan ɗan ƙara sauri a ƙarshen turmi don ta ji ko zai bi, ya kuwa bi. Ya dawo gida ya ce, "Na ji abin da kika yi." Ta ce, "Hannuna ne ya zame."

Gasar shekarar da ta biyo baya bai shiga ba. Ya zauna bakin tafki yana ba kekunan samari iska, ana yi masa kukan saniya, yana murmushi. Amma ya lura da abu guda: duk wanda ya tashi da ƙarfi, a tsakiya yake mutuwa, daidai inda shi ya mutu. Mushe ma ya lura, shi ya sa ya fara sa mutane kan robobin mota masu iska suna gadin ruwan.

Cikin wannan shekarar ne jar saniyar nan ta tsufa, Jaye ya kawo ta kasuwa mahauta suka saya. Garba ya bi shi har inda ake fiɗa.

"Jaye, abu guda nake so a jikinta."

Jaye ya dube shi, ya dubi saniyar, ya rufe baki da gefen rawani. "Kai da ita akwai amana, gaskiya ne. Ɗauki abinka."

Garba ya kai wutsiyar gida ya shafe ta da gishiri, ya shanya a kan rufin ɗaki inda ba mai gani, ya naɗe ya ajiye.

Saura a jawo Mas'ud cikin ruwa, wannan kuwa Mas'ud ne ya kawo kansa. Labarin kwarmin siminti ya kai masa, ya lallaɓo ta bayan garka ya ɗauki hoton Garba da waya, ɗaure da igiya a ƙugu. Garba ya gan shi sarai ta gefen ido. Nan take ya watsar da dakan Basira ya koma dukan ruwa irin na da, ya miƙe yana tari yana haki kamar zai shiɗe. Da yamma duk tasha an kewaye wayar Mas'ud.

"Ku duba, an ɗaure shi a turke! Kawu ya haifi ɗan maraƙi bai sani ba!"

Garba yana goga roba da fayil, bai ɗago ba. Ya bari dariya ta lafa, sannan ya ce, a hankali, yadda kowa zai ji, "Ni dai na kai tsakiya. Wani kuwa bakinsa ne kawai ya taɓa shiga tafkin nan."

Aka ce, "Kai! Mas'ud, da kai ake!"

"Ni? Ni da nake barinka a kududdufin bayan gidan Kaka kana cin laka? Sau nawa ka taɓa riga ni?"

"Ban taɓa ba," in ji Garba, gaskiya ce kuma. "Amma da can ne. Yanzu babur ya cinye ƙafafun, tumbi ya gaji sauran. Bar shi kawai, ɗan gwaggo, kada ka ba mu aiki."

Mas'ud ya buga ƙirji a gaban direbobi da mahauta, ya ce in kaka ta yi zai shiga, kuma zai fito ya sha shayi kafin Garba ya samu saniyar hawa.

Kaka ta yi, tafki ya cika fal. Mutanen da suka taru sun fi na kowace shekara, har daga Gangara an zo a amalanke, don labari ya bazu cewa taubasai za su kara. Gwaggo Ummuhani da kanta aka shimfiɗa mata tabarma. Najiba, wadda da ƙyar aka lallashe ta ta koma lakol, ta maƙale bayan uwarta. Garba ya tsaya kusa da Mas'ud, igiyar roba a ƙugunsa, sauran ya cusa cikin wando.

"Har yau ba a kwance ka ba?" in ji Mas'ud.

"Na saba da ita."

Aka busa usur. Garba ya faɗa da irin haukan da aka san shi da shi, ruwa na tashi sama, jama'a na ihu. Mas'ud ya ga ana neman wuce shi, ya zuba duk abin da Allah ya ba shi. Yana wucewa, Garba ya sa fuska a ruwa, ya kira turmin Basira a kunnensa. Tim. Tim. Samari suka wuce shi, bai kula ba. Idonsa na kan ƙeya guda, yana bin ta a baya kamar makiyayi.

Daidai tsakiya ƙeyar ta daina gaba. Kan Mas'ud ya fara sama da ƙasa, hannuwa na mari ba sa kama komai. Garba ya iso, ya zagaya shi sau ɗaya ba gaggawa, ya tsaya gabansa yana taka ruwa. Masu gadi biyu suka nufo su a kan robobinsu. Garba ya ɗaga hannu.

"Ku dakata! Tsakanina da taubashina ne!"

Suka dubi juna, suka tsaya nan kusa. Wa zai shiga?

"Garba," in ji Mas'ud, ruwa na fita masa ta hanci. "Hannu. Ba ni hannu."

"Hannuna yana aiki."

Ya laluba ƙugunsa ya zaro igiyar ya sake ta a kan ruwa. A bakinta, ɗaure tam, ga jar wutsiya da tuffarta tana yawo a gaban hancin Mas'ud.

"Ga abin da ake kamawa a wurin nan. Na tambaya, babu wani."

Mas'ud ya gane ta. Ya kau da kai, ya yunƙura zai yi gefe, ya nutse, ya taso yana kakari.

"Ɗan kawu, don girman Allah."

"Kama."

Mas'ud ya sake nutsewa. Garba yana kallonsa, yana lissafe da shi, hannu a shirye ƙarƙashin ruwa inda ba mai gani, amma fuskarsa ko gezau. Mas'ud ya sake tasowa. Ya cafke wutsiyar da hannu biyu.

Robar ta miƙe, ta ja ƙugun Garba, nauyin da ya sani tun daga kwarmin siminti, ba ƙari ba ragi. Ya sa fuska a ruwa. Gaɓar da ta fi kusa tana hannun hagu, taku kaɗan. Bai nufe ta ba. Ya karkata ya bi tsawon tafkin ta gefen da jama'a suka fi cika, kusa yadda kowa zai ga abin da ke hannun Mas'ud, nesa yadda ƙafar Mas'ud ba za ta taɓa ƙasa ba. Sai Jaye ya fashe da dariya har sandarsa ta faɗi, sai tafkin gaba ɗaya ya ɗauka. Basira ta kifa ƙwarya tana buga masa da tafin hannu, tim, tim, mata suka kama tafi a kan bugunta. Wani direba ya haɗa hannu a baki ya yi kukan saniya, wannan karon ba da Garba yake ba.

Bai ƙara sauri ba, bai rage ba. Ya kai shi har ƙarshe, ya fito da shi cikin laka a gaban tabarmar Gwaggo Ummuhani, ya durƙusa.

"Gwaggo, ga ɗanki. Wasa muka yi."

Garba ya karɓe wutsiyarsa daga hannun Mas'ud, yatsa bayan yatsa, ya hau keke tana reto a bayansa, ya zagaya gari yana gaisawa da mutane, ya yi gudunsa, ya iso filin lakol na ƙarshe, bayan an fara naɗe tabarmi. Ba a taɓa ganin na ƙarshe mai irin wannan fara'a ba.

Sunan dai bai bar shi ba, kada ku ce ya bar shi. Har gobe Garba Wutsiya ne. Sai dai Mas'ud ma ya samu nasa. Yanzu a Gazawa in kana son kabu-kabunsa, ba ka cewa Mas'ud, cewa za ka yi "Kama!", kuma dole ya juyo, don fasinja ne. An ce ya je wurin uwarsa ya ce abin ya yi yawa, ta ce masa taubashinsa ne, ya tashi ya ba ta wuri kada a ji shi. Najiba kuwa, in wata ta kuskura ta ce mata ƴar Wutsiya, sai ta juya mata baya ta miƙa gefen hijabi ta ce, "Kama," sai a koma yi wa waccan dariya.

Wutsiyar tana nan rataye a reshen bedi, cikin tsofaffin robobi, Garba yana shafa mata mai kada ta karye. Kuma har yau ba ya zuwa gindin bedi sai hantsi ya ɗaga, don da an sa turmi a gidansa yana cikin kwarmin siminti. Wani direba ya tambaye shi me ya rage kuma, tunda ya rama.

Garba ya nutsa roba a baho, ya bi kumfar da ido har ya samu hujin, ya danna yatsa a kai.

"Taubashina ya ce baɗi zai sake shiga," ya ce. "Ba na so ya zo tsakiya ya tarar ba kowa."